GADO DA RIƘON DUKIYAR MARAYU: ABIN DA FALKE ZAI SHIRYA WA IYALINSA TUN YANA DA RAI

 A wannan fitowa mun ajiye zancen farashi da na duwan, mun ɗauko wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a son taɓa ta, wato abin da ke samun mata da ɗiyan falke in Allah ya karɓi ransa. Sana'armu ta tafiya ce. Yau mutum yana Abalak ko Dakwaro yana saye, gobe yana Maigatari ko Illela, jibi yana bisa babbar mota za shi Legas ko Kumasi. Dukiyarsa kuma a warwatse take: wasu shanu na daji hannun makiyayi, wasu na turke, wasu an bai wa mahauta bashi, kuɗi na banki, wasu na cikin salula. Shi kaɗai ya san kan abin. Ranar da ya faɗi, iyalinsa ba su san ta inda za su fara ba.

Da yawa daga cikinmu na cewa ai Allah ya riga ya raba gado, me ya rage? Gaskiya ne, rabo na nan a rubuce cikin suratun Nisa'i, ba mai ƙara shi ba mai rage shi. Amma rabon gado ba ya gano dukiyar da ta ɓace, ba ya karɓo bashin da ba shaida, kuma ba ya kiwon saniyar yaro ɗan shekara biyar. Waɗannan aikin mai dukiya ne tun yana da lafiya. Bayanin da za mu yi bisa mazhabar Malikiyya yake, wadda malamanmu da alƙalanmu ke aiki da ita, kamar yadda take cikin Risala da Muhtasar na Halilu.

Abin da ake fitarwa kafin rabo

Ba a fara rabo sai an tsame abin da ba na mamaci ba ne. Cikin garken falke akwai saniyar matarsa, akwai ta habbanaye da wani ya ba shi, akwai bijiman da ya saya da jarin wani attajiri don su raba riba, akwai ajiyar maƙwabci. Duk waɗannan komawa suke ga masu su. Daga nan sai a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, daidai gwargwado. Sai bashi. Sai wasiyya, in ya bari, cikin sulusin abin da ya rage. Abin da ya saura bayan wannan shi ne gado.

A nan akwai abu biyu da ya kamata mu kula. Na farko, bashin da ake bin mamaci yana faɗowa ne ranar da ya rasu, ko da lokacin biya bai yi ba, amma wanda shi yake bi sai lokacinsa ya cika. Ke nan masu bin sa za su zo ƙofar gida cikin sati, su kuwa mahautan da yake bi a Legas ba mai gaggauta su. Na biyu, hidimar zaman makoki, da sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, ba sa cikin abin da ake cirewa daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki. Babban da ya so ya yanka sa ya yanka daga rabonsa. Mun sha ganin an kayar da bijimi biyu don baƙi, ba wanda ya tuna cewa akwai rabon jinjiri cikin naman.

Rabon mace da na ɗiya

Matar da mijinta ya rasu ya bar ɗa ko ɗiya, ko daga ita ko daga wata, tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas. In bai bar zuriya ba, rubu'i. In mata biyu ne, ko uku, ko huɗu, wannan kason guda ne za su raba tsakaninsu. Uwar mamaci na da sudusi in akwai ɗiya, uba ma haka. Abin da ya rage na ɗiya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu.

Bari mu yi misali da shanu, mu ɗauka duk kuɗinsu ɗaya don sauƙin lissafi. Falke ya rasu ya bar shanu 60, bai bar wasiyya ba. Bashi da hidimar jana'iza sun ci 12, saura 48. Ya bar mata biyu, da tsohuwarsa, da ɗiya maza shida, mata biyar. Matan nan biyu za su raba shanu 6, kowace uku. Tsohuwa ta ɗauki 8. Saura 34: kowane namiji 4, kowace mace 2. Da a ce mata huɗu ya bari, kowace saniya ɗaya da rabi za ta tashi da ita, ko da ta shekara talatin a gidan.

To a ce uwargida ce ke da maza huɗu da mata biyu, duk sun girma. Amarya kuma na da maza biyu da mata uku, babbansu bai wuce shekara goma ba. Ɗakin amarya ya tashi da shanu 17, amma uku kaɗai ne nata. Sauran 14 na marayu ne waɗanda ba su san hanyar kara ba. Wa zai riƙe su? Wa zai biya makiyayi, ya sayi dusa da gishiri, ya yi allura, ya san lokacin da za a sayar? Nan ne dukiya ke narkewa.

A lura kuma, wa da ƙanen mamaci ba su da komai cikin gado muddin ya bar ɗa namiji ko uba. Sai in ɗiya mata kaɗai ya bari, babu uba, sannan ƴan'uwa ke ɗaukar abin da ya rage bayan mata sun ɗauki nasu. Wanda ya kora garken ɗan'uwansa ya haɗa da nasa yana cewa ai dukiyar gida ce, ya sani ba shari'a ce ta ba shi ba.

Takaba, ciki da ciyarwa

Mace za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. A Malikiyya tana da haƙƙin zama cikin ɗakinta har ta gama, in gidan na mijin ne ko ya riga ya biya haya. Amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar gado, daga rabonta za ta ci. In kuma akwai mai ciki cikin matan, ba a rabo sai ta sauka. Ke nan gida na iya yin watanni ba a raba komai ba, ga bakuna na jiran tuwo.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: a mazhabarmu ba a tilasta wa baffa, ko wa, ko kaka ciyar da maraya. In sun yi, zumunci ne da neman lada. Abincin yaro, da tufarsa, da maganinsa, da karatunsa, daga dukiyarsa suke fita. In dukiyar ta salwanta, uwa ce za ta shiga surfe da wankau.

Kyauta tun da lafiya

Mutum ba ya yi wa magaji wasiyya. Wanda ya rubuta cewa in na mutu a ƙara wa amarya shanu biyar, wannan ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda, ƙaramin yaro kuwa ba shi da bakin yarda. Ƙofar da ke buɗe ita ce kyauta tun mutum yana da lafiya. Wanda ya ga tumuni ba zai riƙe matarsa ba, ya ba ta karsana biyu ko uku yanzu, ko fili, ko jarin sana'a.

Sharaɗin kyauta shi ne karɓa. Dole abin ya fita hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda anka ba kafin mutuwa ko ciwon ajali. In ka ce na ba ki saniyar nan, amma kai ke sayar da ɗan maraƙinta kana zuba kuɗin cikin jari, ranar rabo za a ce ba a yi kyauta ba. A kira shaidu biyu, a nuna dabbar, a yi mata alama dabam, a gaya wa makiyayi, a rubuta. Ƙananan yara kuwa uba na iya karɓar musu da kansa, in ya kafa shaidu kuma dabbar sananniya ce. Gidan da mutum ke zaune ciki shi ke da wuyar sha'ani, don in ya bayar da shi bai fita ba har ya rasu, kyautar na iya rushewa. Wanda ke son yin haka, ko yana son ya yi hubusi da wani gida don iyalinsa su ci hayarsa, ya zauna da malami masanin fiƙihu kafin ya sa hannu.

A yi adalci tsakanin ɗiya wajen kyauta. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida ga kyautar da anka yi wa ɗa guda anka bar sauran. Kyautar da anka yi don a hana wani magaji, rigima take haifarwa tsakanin ɗakuna har jikoki.

Sai bashin mata. Da yawanmu mun zuba kuɗin matanmu cikin fatauci: kuɗin adashe, na tumakin da ta turke, na gadon ubanta. Wani ma sauran sadaki na wuyansa. Duk wannan bashi ne, ana biyan sa kafin rabo, ban da tumuninta. Amma in sai bisa tabarmar ciwon ajali mutum ya furta shi, ana iya tuhumar sa da son fifita ta, a ƙi karɓa. A rubuta shi yau.

Wa ake yi wa wasiyya?

Sulusi na waɗanda ba su da gado ne, kuma kusan kowane gida akwai su. Akwai agola da ya tashi hannunka. Akwai ɗan riƙo. Akwai jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa, waɗanda baffanninsu ke shamakance su. Akwai yaron gida da ya shekara ashirin yana kora maka shanu. In ba ka rubuta musu ba, ko akuya ba su da ita. Kada dai a wuce sulusi. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, sulusi anka tsayar masa, anka nuna masa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙo.

Wasiyya a rubuta ta, da boko ko da ajami, a karanta ta gaban shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo ciki. Takardar da anka tsinta cikin akwati ba shaida, rauni gare ta. Mai wasiyya na iya canza ta duk lokacin da ya so, saboda haka ba abin tsoro ba ne, kuma ba ta jawo ajali.

Wasiyyi: mai riƙon dukiyar yara

Wanga shi ne ginshiƙin maganar. A Malikiyya, mai iko da dukiyar ƙaramin yaro shi ne uba, sai wanda uba ya naɗa, wato wasiyyi, sai alƙali. Baffa, da wa, da kaka, ba sa samun wannan iko don dangantaka kawai. Uwa ma haka: ita ke da renon yaro, namiji har ya balaga, mace har ta tare ɗakin miji, amma reno dabam, riƙon dukiya dabam. Sai dai uba na iya naɗa ta wasiyyiya, shari'a ba ta hana mace ba. In mace ce mai hankali da sanin kuɗi, sau da yawa ta fi kowa tsare abin ɗiyanta. Ana iya haɗa ta da wani amintacce da ya san kara, shi ya riƙa duba saye da sayarwa. In an naɗa mutum biyu, ɗaya ba ya zartar da komai sai da sanin ɗayan.

A zaɓi musulmi, baligi, mai amana, wanda zai iya aikin. Yawan salla kaɗai bai isa ba in mutum bai san lissafi ba, wayon kasuwa kuma bai isa ba in ba tsoron Allah. A guji wanda bashi ya yi wa katutu. A nemi yardarsa tun yanzu, don in ya karɓa har mai naɗin ya rasu, ba shi da damar janyewa.

Ayyukansa su ne waɗannan. Ya ƙidaya dukiya gaban shaidu tun ranar farko, dillalai su yi wa kowace dabba kuɗi. Ya ware shanun marayu da alama, a san na kowane yaro. Ya ciyar da su daga dukiyarsu, ba ƙwauro ba almubazzaranci. Ya fitar da zakka, don a mazhabarmu tana hawa dukiyar yaro: shanu in sun kai 30 ana fitar da maraƙi, in sun kai 40 saniya. Ya juya dukiyar, kamar yadda Muwaɗɗa ta ruwaito umurnin Sayyidina Umaru na a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Kada ya sayar wa kansa da dabbar maraya, kada ya ranci kuɗinsu ya cike jarinsa. In mawadaci ne ya kame, in mabuƙaci ne ya ɗauki ladan wahalarsa daidai. Wanda ya ci amana, alƙali na da ikon tsige shi.

Wajen juyawa, kada a zuba komai wuri guda. Waɗanda sunka ga farin 1973 da na 1984, da na 2010, sun san garke na iya ƙarewa cikin rani ɗaya. Waɗanda sunka riƙe kuɗi kuma sun ga yadda anka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sun ga faɗuwar naira a 2023. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna mana bashin ƙetare na iya maƙalewa fiye da shekara. Saboda haka wani kaso ya zauna cikin shanu mata masu haihuwa, wani cikin gona ko gidan haya, wani kaɗan a hannu don abinci da magani. Tafiya mai haɗari da bashi ga wanda ba a sani ba, ba da kuɗin maraya ake yin su ba.

Ba a miƙa wa yaro dukiyarsa don ya yi gemu kawai. Sai ya balaga kuma an ga hankalin riƙo. A jarraba shi da tunkiya ko ɗan bijimi, a ga yadda zai yi. Ranar miƙawa a kira shaidu, don a Malikiyya in wasiyyi ya ce ya miƙa, yaro ya musa, ba a karɓar maganar wasiyyi sai da shaida. Rabon ɗiya mace hannunta zai shiga, ba a narkar da shi cikin kayan ɗaki ba da saninta ba, ba a kuma bar shi wurin wanta har abada da sunan ajiya.

Takardun hukuma

A Nijar, dokar tsarin kotuna ta 1962, da waɗanda sunka maye gurbinta a 2004 da 2018, sun bar sha'anin gado da kyauta da wasiyya ga al'adar masu shari'a, wanda ga yawancinmu hukuncin musulunci ne. Sarakunan gargajiya na sasantawa, in abu ya gagara a je gaban alƙali. Banki kuwa ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar rasuwa, da ta taron dangi da kotu ta tabbatar, da shaidar su wane ne magada. Don haka a yi takardar aure, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa. In mutum ya rasu a wata ƙasa, abokan tafiya su karɓo takardar rasuwa can kafin su juyo.

Mai gida ko fili a ƙasar waje ya binciki dokar wurin. A arewacin Najeriya kotunan shari'ar musulunci ke rabon gadon musulmi. A Gana kuwa, dokar gado ta 1985 ta tsara wa wanda ya rasu ba wasiyya wani rabo dabam, ba ruwanta da addininsa: bayan gida da kayan gida, abokin aure 3 cikin 16, ɗiya 9 cikin 16, saura ga iyaye da dangi. Wanda ke da dukiya a Kumasi ko Ashaiman, in yana son a raba ta bisa musulunci, ya ga lauya a can ya rubuta wasiyya yadda dokarsu ta 1971 ta tanada, da sa hannu da shaidu biyu.

Littafin falke

Duk abin da munka faɗa bisa abu guda ya dogara, wato littafi. Kowane falke ya sami littafi guda ya rubuta: shanu nawa, hannun wane makiyayi, wace alama, wa nake bi, nawa, a wace kara, wane mai masauki ya tsaya, wa ke bi na, jarin wa ke hannuna, wane banki, wace lambar salula. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko malamin unguwa. A sabunta shi bayan kowace tafiya, ko aƙalla kowace salla. Uwargida ta san inda yake, wasiyyi ya sani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a rubuta shi. Abin kunya shi ne a bar mace tana rantsuwa gaban mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Mu ma a ƙungiyance akwai namu. Muna ba shugabannin rassa shawara, in ɗan'uwa ya rasu, a tashi mutum biyu su bi karar da yake kai shanu, su zauna da mai masaukinsa da sarkin fawa, su tattaro abin da yake bi tun magana ba ta yi sanyi ba, su kawo gaban magada da shaidu. Dillalai su yi wa dabbobin marayu kuɗi na gaskiya. Kada ɗayanmu ya je gidan makoki yana taya sa da rabin kuɗinsa don ya ga mace cikin matsi. Wanda kuma ya san mamaci na bin sa, ya kai da kansa, ko ba wanda ya sani.

Ƴan'uwa, wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Kafin tafiya ta gaba a sayi littafi, a zauna da malami, a zaɓi wasiyyi, a kira shaidu. Masu tambaya su miƙa ta ga sakataren reshensu, za mu kai wa malamai mu kawo amsa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya raya marayunsu, ya sa mu cika da imani. Wassalam.